Tsakanin Malam da Malam, Wa Ke Kai Maganar?

  Na gida da na kasuwa, da direban da ke kan hanya, da uwargida da ke bakin murhu, a ɗan ƙara muryar rediyo.

Yau shirinmu na faɗakarwa zai shiga zaure ne, zauren malamai. Za a duba saɓanin da kan faru tsakanin malami da malami. Za a duba wanda ke ɗaukar magana daga wannan zaure ya kai wancan. Sannan a ga yadda magabata suka yi sulhu bayan abu ya ɓaci.

Mu fara da abin da kowa ya saba gani.

An idar da sallar Isha'i. Malam ya rufe littafi, ɗalibai suna naɗe tabarmi. Sai wani daga cikinsu ya matso, ya durƙusa, ya rage murya. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ko an ji abin da malamin unguwar gabas ya faɗa jiya a wajen karatu?" Malam ya ce bai ji ba. Ɗalibi ya zaro waya. Karatun da aka shafe awa biyu ana yi, an yanko abin da bai kai minti ɗaya ba. Ba farko, ba ƙarshe. Ba a ji tambayar da aka yi wa mutumin ba, ba a ji abin da ya ƙara daga baya ba. Ɗalibi ya ce, "Bai dai kama suna ba, amma kowa ya san da Malam yake."

Ran Juma'a sai ga raddi, wato martani, daga kan mumbari. Kafin Asabar an yanko raddin shi ma, an kai wa na unguwar gabas. Malaman nan biyu ba su haɗu ba. Ba su yi waya ba. Wataƙila ma tare suka yi karatu a gaban malami ɗaya. Duk abin da kowannensu ya sani game da ɗan'uwansa a wannan mako, ta hannun yaron nan mai waya ya zo.

Masu sauraro, a riƙe wannan, don za a yi ta dawowa kansa: saɓanin malamai daban, kai magana daban. Na farko ilimi ne ke kawo shi. Na biyu ɗan aike ne ke kawo shi, ɗan aiken da ba wanda ya aike shi.

Kafin a ci gaba, a bambanta abubuwa uku da akan cakuɗa. Giba ita ce ka ambaci mutum a bayan idonsa da abin da ba zai so ba, ko da gaskiya ka faɗa. Idan abin ƙarya ne, ya zama ƙage. Annamimanci kuwa shi ne ka kwashi maganar wani ka kai wa wani don tsakaninsu ya lalace. Suratul Hujurati ta taɓo wannan fage gaba ɗaya. Aya ta 6 ta yi umarni da a binciki labari kafin a yi aiki da shi. Aya ta 9 da ta 10 sun yi umarni da sulhu tsakanin muminai. Aya ta 12 ta hana mummunan zato da bin diddigi da giba. A hadisin kaburbura biyu da Buhari da Muslim suka ruwaito, ɗaya daga cikin mutanen da ake yi wa azaba laifinsa yawo da annamimanci ne. Kusan duk ɗalibin ilimi ya haddace waɗannan. Abin da ya fi wuya shi ne ya gane kansa a cikinsu, ranar da ya ga kamar kare malaminsa yake yi.

To, yanzu sai kashi na biyu. Za mu yi tafiya mai nisa, zuwa birnin Naisaburi, a ƙasar Iran ta yau.

Shekara ta 250 ce bayan Hijira, wato 864 Miladiyya. Imamu Buhari, mai littafin Sahihi, ya nufo Naisaburi. Babban malamin hadisi na garin a lokacin shi ne Muhammadu ɗan Yahaya Azzuhli. Mutum ne mai girma, amintacce, kuma Buhari kansa ya ɗauki hadisi a wurinsa. Da Zuhli ya ji baƙon na tafe, shi da kansa ya ce wa mutane su fita tarba, shi ma ya fita. Jama'a suka tare shi tun daga nesa da gari. Ya kuma ce wa ɗalibansa su je su saurari karatun wannan bawan Allah.

Amma ya ja musu kunne a kan abu ɗaya. Ya ce kada kowa ya tambaye shi mas'alolin jayayyar aƙida, don in ya ba da amsar da ta saɓa wa tasu, rigima za ta shiga tsakani, maƙiya su sami abin dariya. Dattijon ya hango abin tun bai zo ba.

Me ya sa ya ji tsoro haka? Domin raunin bai warke ba. Tun shekara ta 218 Halifa Ma'amun ya fara tilasta wa malamai su ce Alƙur'ani halitta ne. A kan haka aka ɗaure Imamu Ahmad ɗan Hambali, aka yi masa bulala. An daina tilastawar a zamanin Halifa Mutawakkil, amma duk wata kalma da ta yi kama da waccan magana, mutane ba sa son jin ta.

Ba a yi kwana uku ba sai wani ya miƙe a majalisin Buhari. Ya tambaye shi: furucin da mutum ke yi idan yana karanta Alƙur'ani, halitta ne ko ba halitta ba ne? An ruwaito cewa Buhari ya kau da kai, mutumin ya nace, ya sake kau da kai, ya sake nacewa. Daga ƙarshe ya amsa. Ma'anar amsarsa ita ce Alƙur'ani maganar Allah ce, ba halitta ba ne, ayyukan bayi kuwa halitta ne, kuma jarraba mutane da irin wannan tambaya bidi'a ce.

A saurara da kyau. Amsar tana da gaɓoɓi uku. Amma abin da ya fita daga majalisin jimla ɗaya ce, kuma ba tasa ba ce. Aka ce Buhari ya ce furucinsa da Alƙur'ani halitta ne. Wasu suka ce ya faɗa, wasu suka ce bai faɗa ba, wuri ya hargitse. Shi kuwa daga baya ya fito ƙarara ya ce duk wanda ya jingina masa wannan jimla ƙarya yake yi.

Maganar ta isa kunnen Zuhli a yadda aka sake mata kama. Masu tarihi sun kuma ambaci cewa majalisinsa ya ragu tun da baƙon ya sauka, har wasu suka ce kishin tsara ya shiga. Allah ne masanin zukata. Abin da ya tabbata shi ne Zuhli ya shelanta cewa duk mai zuwa wurin Buhari kada ya sake zama a majalisinsa. Mutane suka janye. Biyu ne aka ambata sun miƙe a gaban jama'a suka fice: Muslim ɗan Hajjaju, mai Sahihi na biyu, da Ahmad ɗan Salama. Muslim ya tattara duk abin da ya rubuta a wurin Zuhli, ya ɗora wa ɗan dako, ya mayar masa.

Abin bai tsaya a Naisaburi ba. Zuhli ya rubuta wasiƙa zuwa birnin Rayyu, wurin manyan masana hadisi biyu, Abu Hatim da Abu Zur'a, suka dakatar da ruwaito hadisi daga Buhari. Shi kuma ya bar garin ya koma Buhara, mahaifarsa. Can ma ya sami matsala da gwamna, aka fitar da shi. Ya rasu a wani ƙauye da ake kira Hartank, kusa da Samarƙandi, a daren ƙaramar Salla ta shekara ta 256, yana da shekara 62.

Jama'a, wannan fa Buhari ne. Mutumin da ake karanta littafinsa a masallatan Kano da Zariya da Damagaram har gobe. Tambaya ɗaya ta tarko, da jimla ɗaya da aka yanke, suka raba shi da gari.

Ga kuma abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi. Duk da abin da ya faru, Buhari bai goge ruwayar Zuhli daga littafinsa ba. Masana sun nuna cewa ya ruwaito daga gare shi a wurare da dama cikin Sahihi, sai dai ba ya cika kawo sunan a yadda aka fi saninsa. An ɓata, amma bai ce mutumin maƙaryaci ne ba, domin ba maƙaryacin ba ne. Amsarsa ta ilimi kuma ya zuba ta a littafi, wanda ya rubuta a kan halittar ayyukan bayi.

Kuna dai tare da shirin faɗakarwa, yau kuma a kan sulhu da guje wa gulma tsakanin malamai da ɗalibansu ake magana. Kashi na uku zai kai mu Madina, wurin Imamu Malik, wanda mafi yawan mutanen ƙasar Hausa suke bin mazhabarsa.

Sau biyu aka kawo wa Malik labarin wani malami, kuma sau biyun ba su ƙare iri ɗaya ba.

Na farko shi ne na Muhammadu ɗan Is'haƙu, mai littafin tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Wani ya zo ya gaya wa Malik cewa ɗan Is'haƙu ya ce a kawo masa ilimin Malik, shi ne likitan da zai duba lafiyarsa. Malik ya fusata, ya mayar da kalma mai zafi ƙwarai. Waccan kalma ta shiga littattafai, har yau ana juya ta. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ƙarshen labarin. Ibnu Hibban ya kawo cewa lokacin da ɗan Is'haƙu ya yi niyyar ƙaura zuwa Iraƙi, sun shirya, har Malik ya ba shi dinari 50 na sallama. Zagin ya yi tafiya mai nisa, sulhun ya tsaya a shafi ɗaya. Haka mutane suke da labari, tun ba yau ba.

Na biyu shi ne na Laisu ɗan Sa'adu, babban malamin Masar, wanda ya rasu a shekara ta 175, shekara huɗu kafin Malik. Labari ya iske Malik cewa Laisu yana ba da fatawa da abin da ya saɓa wa aikin mutanen Madina. A wurin Malik wannan ba ƙaramin abu ba ne, don aikin mutanen Madina hujja ne a mazhabarsa. To me ya yi? Bai tara ɗalibai ya ce ga ɓataccen Masar ba. Takarda ya ɗauka ya rubuta wa mutumin da kansa. Ya gaishe shi, ya ambaci matsayinsa a wurin mutanen ƙasarsa, ya gaya masa abin da ya ji, ya kawo dalilinsa. Alƙali Iyal ya adana wasiƙar a littafinsa na tarihin malaman Malikiyya.

Laisu ya amsa da doguwar wasiƙa, wadda Ibnul Ƙayyim ya kawo a littafinsa I'ilamul Muwaƙƙi'ina. Ya tabbatar masa cewa abin da ya ji gaskiya ne. Ya yi godiya da nasihar. Sannan ya ƙi yarda, mas'ala bayan mas'ala. Ya ce sahabbai sun bazu zuwa Sham da Masar da Iraƙi, kuma da iliminsu suka tafi. Ya kawo misali da haɗa Magariba da Isha'i a daren ruwan sama: ruwan Sham ya fi na Madina yawa nesa ba kusa ba, amma sahabban da suka zauna can ba su haɗa ba. Ya taɓo hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Bai sassauta ko ɗaya ba. Da ya gama, sai ya yi wa Malik addu'ar tsawon rai saboda amfanin da mutane ke samu da shi, ya roƙe shi kada ya daina rubuto masa labarinsa da na iyalinsa da duk wata buƙata. Laisu mai dukiya ne, kuma an san yakan aika wa Malik da kyauta.

Malik bai koma ra'ayin Laisu ba. Laisu bai koma na Malik ba. Saɓanin yana nan har suka bar duniya. Abin da babu shi ne mutum na uku a tsakani. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in ji Hausawa, kuma kowannensu daga bakin mai ita ya ji.

A nan wani mai sauraro zai ce: to, shi ke nan, in malami ya yi kuskure sai a yi shiru? Ba addini ne ya ce a yi gyara ba? Tambaya ce mai kyau, ita ce kuma kashi na huɗu.

Ba a ce a yi shiru ba. Malaman hadisi suna da fanni sukutum da ake kira jarhu da ta'adili, wato bayyana wanda ruwayarsa ba ta karɓuwa da wanda tasa ke karɓuwa. Ba don shi ba, da ba a tace hadisi ba. Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676, ya kawo a Riyadus Salihina wurare shida da aka yarda a ambaci aibin mutum. Wanda aka zalunta zai kai ƙara. Mai neman a taimaka masa a kau da ɓarna zai faɗi mai yin ta. Mai neman fatawa zai bayyana abin da aka yi masa. Za a gargaɗi Musulmi daga cutarwa, kamar a batun aure ko ciniki ko ruwayar hadisi. Za a ambaci mai yin saɓo a fili da abin da ya bayyana. Za a kuma kira mutum da laƙabin da ba a gane shi sai da shi.

A cikin shidan nan, ƙofar gargaɗi ce aka fi cunkoso a bakinta. Kowa ya ce gargaɗi yake yi. Nawawi kansa ya ja kunne a daidai wannan wuri, ya nuna cewa hassada kan sa mutum magana, Shaiɗan ya riya masa cewa nasiha yake yi. Gwajin ba shi da wuya. Mai gargaɗi yakan tsaya a kan kuskuren, ya kawo hujja, ya yi shiru. Wanda ya wuce zuwa asalin mutum, da matansa, da motar da yake hawa, da wanda ya biya masa kujerar Makka, ya bar gargaɗi tun tuni.

A dubi Buhari dai. Aikinsa ne tace maruwaita, dubbai daga cikinsu. Amma an san shi da taushin lafazi. Mutumin da wani zai kira maƙaryaci kai tsaye, shi sau da yawa sai ya ce akwai abin dubawa a lamarinsa, ko ya ce malamai sun yi shiru a kansa. Masana sun san abin da yake nufi, hukunci ya fita, ba a kuma ci mutuncin kowa ba.

Akwai wata ƙa'ida kuma da ta fi shafar ɗalibai. Ibnu Abdil Barri, malamin Malikiyya na Andalus da ya rasu a 463, ya ware babi guda a littafinsa na falalar ilimi a kan maganar malamai game da junansu. Imamu Zahabi, wanda ya rasu a 748, ya yi ta maimaita abu ɗaya a littattafansa na tarihin maruwaita. Taƙaicewar ita ce, sukar da tsara ya yi wa tsaransa, in alama ta nuna fushi ne ko gasa ko bambancin mazhaba ya jawo ta, ba a gina hukunci a kanta, ba a kuma yawo da ita. A sake ji: ba a yawo da ita. Malamai mutane ne. Suna fushi, suna kishi, wani lokaci suna faɗin abin da za su yi nadama. Idan malaminka ya yi irin wannan furuci a kan tsaransa, hidimar da za ka yi masa ita ce ka bar maganar a inda ta faɗi.

To, idan kai aka kawo wa maganar fa? Imamu Gazali, wanda ya rasu a 505, ya yi bayani a Ihya'u, Nawawi kuma ya ɗauko daga gare shi. Kada ka gaskata mai kawowa. Ka hana shi, ka nuna masa munin abin. Ka ƙi wannan hali nasa saboda Allah. Kada ka munana zato ga wanda ba ya nan. Kada labarin ya sa ka shiga bin diddigi. Sannan kada kai ma ka ɗauka ka kai gaba, kana cewa wane ya zo ya gaya mini kaza.

Wannan na ƙarshe shi ne wanda waya ta sauƙaƙa karyawa. A da, mai kai magana sai ya taka da ƙafarsa, ya yi sallama, a ga fuskarsa. Zamanin kaset ma sai an saya, an juya, an saurari karatun tun daga basmala. Yau ɗan yatsa ne kawai. Mutum yana kwance a ɗaki zai tura guntun bidiyo zuwa rukuni goma na WhatsApp, ya rubuta a sama, "Ku ji abin da ya ce." Wani ya ɗora a Facebook, wani a TikTok. Da yawa daga masu turawa ba mugaye ba ne. Wani ma cewa zai yi, "Ni dai turo mini aka yi." Amma wanda ya tura shi ma ya kai magana. Akwai kuma masu shafukan da rigimar malamai ce kasuwarsu, don yawan masu kallo ne ribarsu, kuma karatun Ahalari ba ya tara 'yan kallo kamar yadda zagi ke tarawa.

Malamai ma da nasu kason. Ɗalibi ba ya kawo kaya inda ba a saye. In ya ga duk ranar da ya kawo labarin wane, Malam yana gyara zama, yana jawo shi kusa, gobe zai kawo wanda ya fi na yau. In kuwa Malam ya ce, "Ajiye wayar. Kana da lambarsa? Kira mini shi mu gaisa," to an rufe wannan kasuwa a zauren.

Yanzu sai kashi na ƙarshe, sulhu. A nan ba sai an je nesa ba, don tarihin ƙasar Hausa yana da nasa.

Asalin abin dai daga Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Buhari ya ruwaito cewa ya tafi sulhunta mutanen Banu Amru ɗan Aufu, ya daɗe a can har lokacin salla ya yi, aka gabatar da Sayyidina Abubakar ya fara jan jama'a. Hadisin Ummu Kulsum 'yar Uƙba kuma ya nuna cewa mai gyara tsakanin mutane, wanda ke kai alheri yana faɗin alheri, ba a lissafa shi cikin maƙaryata. Kun ga ke nan ba kai magana aka hana gaba ɗaya ba. Ɗalibin da ya ji malamin unguwar gabas ya yabi wani littafin malaminsa, ko ya yi masa addu'a, wannan ita ce maganar da ya kamata ya yi sauri ya kai. Ita ce kuma aka fi mantawa a hanya.

To, mu dawo gida. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi karatu a wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, har ya bi shi zuwa Agadas. Yana girmama shi matuƙa. Amma Malam Jibrilu yana da ra'ayin kafirta masu aikata wasu manyan zunubai, Shehu kuwa bai yarda da haka ba. Ya rubuta ya bayyana cewa saɓo ba ya fitar da Musulmi daga addini, ya warware maganar malaminsa da hujja, kuma bai fasa yabonsa da ambaton falalarsa a kansa ba. Ɗalibi ya saɓa wa malami a babbar mas'ala, alaƙa ba ta yanke ba.

Tsakanin Shehu da ƙaninsa Abdullahi ma an sami bambanci bayan jihadi. Abdullahin Gwandu mutum ne mai tsanani a kan abin da ya gani na kayan sarauta, irin su kiɗa da tufafin ƙawa da laƙuban mulki. Shehu ya fi sassauci a wasu daga ciki, yana duba saɓanin malamai. Kowa ya rubuta nasa. Amma a littafinsa Najmul Ikhwan, Shehu ya umarci ɗalibai su karanta littattafan Abdullahi, su karanta na ɗansa Muhammadu Bello, su karanta nasa, ya kuma faɗi abin da kowanne ya fi ƙwarewa a kai. Wato ya tura ɗalibansa wurin wanda ya saɓa masa.

Jarrabawa mafi girma ta zo bayan rasuwar Shehu a 1817 Miladiyya. Aka yi wa Muhammadu Bello mubaya'a a Sakkwato. Abdullahi ya taso, ya tarar an rufe ƙofar gari. A yi tunanin wannan. Shi ne ƙanin Shehu, shi ne wazirinsa, shi ne ya jagoranci runduna a Tabkin Kwatto a 1804, ga shi kuma malamin da Bello kansa ya yi karatu a gabansa. Ya juya ya koma Gwandu. Aka ɗauki lokaci tsakanin baffa da ɗa ba daɗi, kowanne kuma da jama'arsa da ɗalibansa.

Bayan 'yan shekaru, tawaye ya taso a Kalambaina, a ƙasar Gwandu, ya yi wa Abdullahi nauyi. Bello bai tsaya jiran a ba shi haƙuri ba. Ya ɗauko runduna ya zo taimakon baffansa, aka ci garin. Masu tarihi sun ruwaito yadda haɗuwarsu ta kasance bayan yaƙin. Da suka fuskanci juna a kan dawakai, Bello ya yunƙura zai sauka, don shi ne ƙarami. Abdullahi ya yi masa ishara da ya zauna, shi kuma ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Ɗaya ya ba da girman shekaru da ilimi, ɗaya ya ba da girman shugabanci.

Daga nan Gwandu ta ci gaba da kula da yammacin daular, Sakkwato da gabashinta. Abdullahi ya bar yawancin harkar mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari, ɗan ɗan'uwansa, ya koma ga karantarwa da rubutu har ƙarshen rayuwarsa. Bello ya yi mulki har 1837. Tafsirin Abdullahi, Liya'ut Ta'awili, da Infaƙul Maisuri na Bello, duka ana karanta su a zaurukan Sakkwato da na Gwandu.

Masu sauraro, lokaci ya cimma mana, a nan za mu dakata.